Ranar da Orozali Ya Kai Gadon Jariri

A Taldi-Suu, ƙauyenmu da ke gindin duwatsun Narin, ba a yi mutumin da ake girmamawa kamar Orozali ba, ba a kuma yi wanda ake tsoron ganin dokinsa a ƙofar gida kamarsa ba. Girmamawar kawai ya sani. Sai da ya shekara sittin da ɗaya a duniya sannan ya gano tsoron, kuma yadda ya gano shi, har yau in an tuna sai an riƙe baki.

Ɗan makiyayi ne, dogo, mai ƙarancin magana, ya tashi ba uba. Yana da shekara ashirin da shida gonar gwamnati ta ɗauke shi aikin kai wasiƙu. In sanyi ya wuce mutane suka kwashe dabbobi suka hau makiyayar tudu, shi ke bin su da jaka a bayan sirdi: wasiƙun 'ya'yan da ke soja, jaridar da ta yi sati biyu da fitowa, maganin hawan jini, allurar keken ɗinki. Babu mashigin dutsen da bai sani ba. Ya san rafin da ake ƙetarewa da sassafe kafin rana ta narkar da ƙanƙara ya cika, ya san kabari mai ƙubba inda za ka tsaya ka shafa fatiha sannan ka karkata hagu. Da gonar gwamnati ta watse wasiƙu suka ƙare, amma ɗaya aikin da ya haɗa da su ya ci gaba, domin mutane ba su daina mutuwa ba.

Mu ba ma binne mamaci sai danginsa sun hallara, ko da kwana uku za a yi ana jira. Ba ma kuma jefa wa mutum labarin mutuwa haka kawai. Wanda aka aika ba ya sukuwa zuwa ƙofar kowa. Daga nesa yake sauka, ya jawo dokinsa a hankali, ya fara zuwa bukkar dattijon wurin, shi kaɗai ake raɗa wa gaskiya. Mai mamacin kuwa ce masa ake yi, "Wane ba ya jin daɗi, ɗan zazzaɓi ne, yana son ganinka." A ba shi shayi ya sha, a ɗora shi a doki, a taho ana hira kwana ɗaya ko biyu. Sai an iso inda dangi suka kewaye shi, akwai masu tare shi in ya faɗi, sannan dattawa su faɗa masa. Liman ya ce ƙarya ce ta jinƙai, Allah ba zai kama kowa da ita ba.

To, a wannan fagen Orozali gwani ne na ƙarshe. Shekara talatin da biyar bai taɓa suɓutar baki ba. Ya taɓa tahowa da wani makiyayi, Mambetali, kwana biyu suna musu a kan karen wa ya fi iya korar kyarkeci, alhali matar Mambetalin na kwance a rufe a gida. Ko gezau fuskarsa ba ta yi. In an gama jana'iza aka yanka dabba, shi ake miƙa wa kan tunkiya, rabon manyan baƙi, ya karɓa ya yanka kunne ya ba yara. Yana ganin ƙauna ce. Ba ya waiwaye balle ya ga mata na turara hayaƙin arca, itacen ƙamshin da muke korar mugun abu da shi, a inda dokinsa ya tsaya.

'Ya'yansa maza biyu sun tafi birni. Wadda ta rage kusa ita ce autarsa Jipar, da ke auren Esentur ɗan dattijo Toktosun. Su makiyayarsu tana Ak-Bulak, bayan mashigin Kara-Bel, tafiyar kwana biyu a doki. A shekarar da nake magana Jipar ta hau tudu da tsohon ciki, don haka ta bar 'yarta Akilai, 'yar shekara shida, a wurin iyayenta. Tsakiyar lokacin kiwo wani makiyayi ya sauko sayen gishiri ya kawo albishir: Jipar ta haifi namiji, lafiya lau.

Gadon jariri, beshik, daga gidan iyayen mai jego yake fitowa, kuma kaka ce ke kai shi. Sai dai matar Orozali, Burulkan, gwiwoyinta sun kumbura, ko ɗakin girki da sanda take zuwa.

"Ni zan kai," in ji Orozali.

"Kai?" Ta dube shi sama da ƙasa. "Tsoho, ba ka aiki ɗan maƙwabta ba?"

"In aiki ɗan wani ya riga ni ganin jikana? Tsohuwa, ciwon gwiwar nan har ya taɓa kanki."

"To ka ji. Amma don Allah ka saki fuskar nan. Ka sa farar hularka ta biki, ka riƙa yi wa mutane dariya, haƙoran naka ai ba su ƙare ba."

"Saura takwas."

"To ka nuna musu duka takwas ɗin."

Akilai ta kama wandonsa ta ce sai ta je ganin ƙaninta. Da ma kwana biyu tana ɗan tari, kakarta ta ce ba za a hau da ita Kara-Bel a wannan iska ba. Ta yi kukanta ta gaji, ta koma wasa da 'yar akuya.

Gadon na itacen arca ne, wanda aka goyi Jipar kanta a ciki. Burulkan ta cika shi da 'yan barguna da kayan jariri, ta ce ruwa zai jiƙa su a hanya, sai ta ɗauko sabon farin kiyiz, bargon nan mai kauri na gashin tumaki, wanda ta yi wa jaririn da hannunta. Suka naɗe gadon tsaf, suka ɗaure shi da igiya a wuri uku, suka gicciya shi a bayan dokin kaya. Ni dai har yau ban gane yadda tsofaffi biyu masu hankalinsu suka yi wannan ɗauri ba tare da gabansu ya faɗi ba. In mutum ya mutu a nesa, a cikin farin kiyiz ake naɗe shi, a ɗaure a wuri uku, a gicciya a bayan doki. Shi Orozali ya ɗaure irin wannan ya fi a ƙirga. Murna ce ta rufe musu ido.

Bai taɓa tafiya mai daɗin wannan ba. Karo na farko ke nan a shekaru da zai hau tudu ba nauyin komai a ƙirjinsa. Har waƙa ya yi, da wata irin murya da ta sa dokin kaya kaɗa kunne. Ya ƙetare rafi kafin hantsi, ya bi fili mai ciyawa har inda ido ya gaji, ya wuce bukkoki biyu na makiyaya. A al'ada sai an fito an tare matafiyi da ƙwaryar nonon goɗiya. Ba wanda ya fito. Ya hango wata mata ta fizgi yaronta ta shige ta saki labule, ya ce a ransa matan yanzu ba su da tarbiyya. Kusa da tsofaffin kaburbura wani dattijo a kan doki ya ci karo da shi, ya dubi kayan, ya shafa fuska da tafin hannu ya ce, "Allah ya ji ƙai," ya kauce hanya. Orozali ya ce amin, yana zaton mutanen kaburburan ake wa addu'a.

Ya kwana a wani tsohon zango na dutse. Washegari ƙanƙara ta jefe shi a kan Kara-Bel, ya cusa farar hular a cikin riga don kada ta lalace, ya ɗora tsohuwar baƙar da ya saba tafiya da ita, ya manta bai sake canzawa ba. Da la'asar ya gangaro Ak-Bulak. Ga bukkoki huɗu a bakin rafi, hayaƙi na tashi, mata na tatsar goɗiyoyi.

Bai yi shawarar sauka daga nesa ba, ƙafafunsa ne suka sauke shi, yadda suka saba. Ya jawo dawakin a hankali, kansa a sunkuye yana duba hanya. Ya nufi bukkar Toktosun kai tsaye, domin ina aka taɓa ganin uba ya wuce surukinsa ya faɗa ɗakin 'yarsa?

Bokitin madara ne ya fara faɗuwa. Sannan wata mata ta ƙwalla ƙara. Kafin ya gama ɗaure dawakin, maza sun fito sun jeru, kowa ya dogara da bulalarsa ya ranƙwafa, suka ɗauki kukan nan namu na maza da ake jiyowa daga bayan tudu: "Wayyo jininmu! Wayyo namu ya tafi!"

Orozali ya daskare da igiya a hannu. Zuciyarsa ta ba shi Jipar ce ko jaririn, ya iso a makare. Ya yi wajen Toktosun da sauri, ya kira shi yadda iyayen ma'aurata ke kiran juna.

"Kuda! Wa ya rasu?"

Toktosun ya ɗago da hawaye a gemu. "Mu za ka tambaya, Kuda?"

Sai ga Jipar ta fito ba takalmi, ɗankwali a kafaɗa, mace mai jegon kwana goma sha biyu. Ba ta dubi ubanta ba. Ƙunshin take kallo. Orozali ya bi idonta ya dubi ƙunshin shi ma, a lokacin ne ya gan shi yadda kowa ke ganinsa: fari, ɗaure a wuri uku, tsawonsa daidai yarinya 'yar shekara shida.

"A'a! A'a, ku tsaya!" Ya zaro wuƙa ya datse igiyoyin, ya yaye kiyiz ɗin. Gadon ya bayyana, 'yan barguna ja da kore suka zubo a ciyawa. "Beshik ne! Gadon yaron na kawo!"

Kukan ya yanke. Aka yi tsuru-tsuru. Wani saurayi ya fara ƙyalƙyalewa da dariya, wasu suka taya shi, uwar mijin Jipar ta zauna daɓas a ƙasa tana tofa yawu a wuyan rigarta don korar firgici.

"Allah ya shirye ka, Kuda," in ji Toktosun yana share gemu. "Gadon jariri ne sai ka yi masa likkafani? Saura kaɗan in sa a kamo goɗiyar yankan makoki."

Jipar kaɗai ba ta yi dariya ba.

"Ata," ta kira shi yadda muke kiran uba, "ina Akilai?"

"Tana gida, wurin kakarta."

"Me ya hana ka zuwa da ita? Ta san an yi mata ƙani."

"Ai ta so zuwa. Ɗan tari take yi, ba wani abu ba ne, uwarki ta ce..."

Bai ƙarasa ba, domin ya ji maganar da kunnensa. Duk wanda ke wurin ya ji ta. Kowa a cikinsu ya taɓa jin ta daga wannan bakin, ko ya san wanda ya ji: ɗan tari ne, ɗan zazzaɓi ne, ba wani abu ba ne. Dariyar ta ɗauke. Jipar ta ɗora hannu biyu a ka ta yi wata irin ƙara da ta sa goɗiyoyi tsinke igiya, ta sulale, mijinta ya tare ta.

Aka shigar da ita. Orozali ya durƙusa a gabanta, jaririn na kuka a gefe, ko kallonsa bai samu yi ba.

"'Yata, dube ni. Akilai na nan da ranta. Jiya da safe na baro ta tana wasa da 'yar akuya."

"Daga nesa ka sauka."

"Sabo ne."

"Bukkar surukina ka fara zuwa. Da baƙar hula."

"Farar tana cikin rigata, ga ta! Ƙanƙara ce ta..."

"Ata, a gidanka na girma. Ni nake ɗaura maka guzuri in za ka tafi ɗauko mutane. Kullum sai ka tafi da abin hannu don kada su gane. Inna Sairake butar shayi ka kai mata, ka ce mijinta ne ya aiko."

Ya fizgo gurasa daga kan ledar cin abinci ya ɗaga ta sama. "Na rantse da abincin nan. Na rantse da Allahn da ya halicce ni."

"Ita ma da gurasa ka rantse mata," in ji Jipar. "Ita ta gaya mana da bakinta."

Ya sauke gurasar. Ya buɗe baki ya nemi wata magana wadda bai taɓa yi wa wani mai mamaci ba, ya duba ko'ina a kansa, babu. Duk ya yi amfani da su, kuma duk sun yi aiki. Tsoro ya kama shi irin wanda bai ji ba ko ranar da dusar ƙanƙara ta binne dokinsa a Kara-Bel.

Ya fito ya sha iska. Toktosun ya biyo shi, ya kama hannunsa ya ja shi bayan turken dawaki inda ba kowa. Orozali ya ji sanyi a ransa, ya ce ga mai hankali ɗaya da zai je ya lallashe ta. Dattijon ya waiga hagu da dama, ya matso da bakinsa.

"To, Kuda, yanzu mu biyu ne. Yaushe abin ya faru?"

"Wane abu?"

"Haba, ni ma sai ka yi mini? Ni ne dattijon wurin. Faɗa mini in san yadda zan shirya mutane."

"Toktosun, yarinyar nan lafiyarta ƙalau!"

Toktosun ya daɗe yana kallonsa, ya girgiza kai da sha'awa. "Kai, amma Allah ya ba ka baiwa. Ko ƙifta ido ba ka yi ba."

Da gari ya waye Jipar ba ta sa ko ruwa a bakinta ba, nononta ya ɗauke. Jaririn ya tsotsa ya saki, ya tsotsa ya saki, kukansa har ya dushe, uwar miji na ɗiga masa madarar akuya da ƙaramin cokali yana amayarwa. Sau biyu aka kamo Jipar tana ƙoƙarin ɗora sirdi, mace da ko arba'in ba ta yi ba. Esentur ya ce shi zai je ya gano, ta riƙe shi ta ce ai shi ma in ya je dattawa za su tsare shi, ya dawo ya yi mata ƙarya irin tasu.

"Ni zan kawo ta," in ji Orozali. "Kwana huɗu. Ki ci abinci saboda yaron nan, ki ba ni kwana huɗu."

Ta ɗago idanu jawur. "In na hango ka kai kaɗai, Ata, kada ka wahalar da kanka da sauka. Na gane."

Ya hau doki. Sai a bakin rafi ya tuna ko ɗaukar jikan nasa bai yi ba.

Kada in bar ku cikin zullumi: an kai Akilai, a naɗe cikin rigar kakanta, da tarinta da komai. Jipar ta shinshine ta daga ka har ƙafa, nono ya dawo bayan kwana biyu, yaron ya rayu, yanzu shi ke jan babbar mota zuwa kan iyaka. Orozali kuwa daga wannan shekarar bai sake karɓar aiken mutuwa ba. Dattawa suka roƙe shi har suka gaji, suka ce tsufa ne. Wasu suka ce abin da 'yarsa ta yi masa ne ya karya shi. Ba su san abin da ya tarar a ƙofar gidansa ba ranar da ya koma ɗauko yarinyar.

Tafiyar kwana biyu ya yi a kwana ɗaya da rabi. Ya bi ta gajeriyar hanyar da awaki kaɗai ke bi, ya ƙetare rafin da rana tsaka ruwa har ƙirjin doki. Ya shigo Taldi-Suu da azahar, dokin ya yi sharkaf da kumfa, ba dokin kaya, ba tsarabar biki, mutumin da aka san sai ya yi mako a can ana shagali. Duk hanya abu ɗaya yake faɗa wa kansa: bari in isa wurin tsohuwa in ba ta labari, ita kam ta san ni.

Burulkan na zaune a ƙofar gida tana mulmula cuku a faranti don shanya, Akilai a gefenta tana sata tana ci. Da ganin yarinyar hawaye suka zubo masa, shi da ba a taɓa ganin hawayensa a jana'izar kowa ba. Burulkan ta ɗago. Ta dubi dokin, ta dubi fuskarsa. Farantin ya zame daga cinyarta, cukun ya gangara cikin ƙasa.

"Wanne ne?" ta ce. "Jipar ko jaririn?"

"Tsohuwa, lafiyarsu ƙalau. Dukansu biyu. Wallahi lafiyarsu ƙalau."

Shekara talatin da takwas suna tare. Ta kalle shi kamar yadda ta saba, ba fushi, ba zargi. Sannan ta jawo Akilai jikinta, ta toshe mata kunnuwa da tafukanta.

"To," in ji ta a hankali. "Je ka kira dattawan. Ina nan zaune, zan jira."